Ɗigon Baƙin Mai a Ƙarƙashin Mota

A gidaje da ekklesiyoyi da yawa akwai tsohuwar mota wadda ake dogara gare ta ƙwarai. Ita ce mai kai fasto ƙauyuka, ita ce kuma mai kai mace asibiti da tsakar dare idan naƙuda ta zo. Wasu daga cikinsu Peugeot 504 ne, wadda aka fara yi a Faransa a 1968, aka kuma yi shekaru ana harhaɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar can a 1975. Motoci ne masu juriya, amma idan inji ya tsufa robobi da gasket sukan bushe su tsage, mai kuwa ya fara ɗiga.

Kada mu rena wannan ɗigo. Injin 504 yakan ɗauki wajen lita 4 na mai kaɗai. Man nan shi ne yake hana ƙarfe cin ƙarfe, yana kuma rage zafi. Idan ya ƙare a kan hanya inji zai buga, kuɗin gyaransa kuwa ya ninka na gasket sau da yawa.

Da farko mu tabbata ko wane irin ruwa ne yake zuba. Mu shimfiɗa kwali mai tsabta ƙarƙashin mota da dare, mu duba da safe. Man inji baƙi ne ko ruwan ƙasa. Man giya ya fi kauri, yana da wari mai ƙarfi. Man birki yakan zama garau ko rawaya kaɗan, sau da yawa kusa da taya yake ɗiga. Idan shi ne, kada a hau motar sai bakanike ya gani, gama rai ne a ciki.

Abu na biyu, mu tuna cewa wurin da mai yake ɗiga ba lalle ne nan yake fitowa ba. Mai yakan gangara ƙasa, iska kuma ta tura shi baya sa'ad da mota take gudu. Saboda haka mu bari inji ya huce, mu wanke shi da kananzir da tsumma, ba da fetur ba, domin gudun gobara. Idan ya bushe, mu barbaɗa hoda a wuraren da muke zato. Sai mu ta da inji na minti 10, mu kashe, mu haska da tocila daga sama zuwa ƙasa. Wuri mafi tsayi da ya jiƙe, nan ne tushen.

Yawancin lokaci laifin na gasket ɗin murfin saman inji ne. Sabon gasket ba shi da tsada. A kankare ragowar tsohon sarai, a sa sabo, a ɗaure notuna kaɗan kaɗan bi da bi. Ɗaurin ƙarfi yakan lanƙwasa murfin, zubar kuwa ta ƙaru.

Idan ɗigon ya fara bayan juyen mai, mu duba filta. Wani lokaci robar tsohuwar filta takan manne a jikin inji, a ɗora sabuwa a kanta, mai ya bi tsakaninsu. A shafa wa sabuwar roba ɗan mai, a ɗaure filta da hannu kawai. Haka kuma notin juye mai da yake ƙasan inji: washar da take jikinsa takan lotse, ya kamata a sake ta a kowane juye. Ɗan makunnin da yake kunna jar fitilar mai shi ma yakan yi yoyo idan ya tsufa, sauya shi aikin minti kaɗan ne.

Akwai kuma tiyon da inji yake numfashi ta cikinsa. Idan datti ya toshe shi, iska takan taru a ciki ta tura mai waje ta kowace kafa. Cika mai fiye da layin sama na geji shi ma yakan jawo haka.

Amma idan man yana fitowa daga mahaɗar inji da giya, mai yiwuwa robar bayan inji ce ta ci. Wannan aikin gareji ne, gama sai an raba inji da giya. Kada a yi jinkiri, domin mai yakan ɓata kuloci.

Kada wani ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita. Tsohon mai kuma a zuba shi cikin galan mai murfi, nesa da rijiya da yara. Kafin a gama gyara, mu riƙa duba geji kowace safiya a wuri mai daidai, mu tafi da ɗan mai a but. Idan jar fitila ta kama muna tafiya, mu tsaya mu kashe inji nan take.

'Yan'uwa, motar gida ko ta ekklesiya amana ce a hannunmu, sau da yawa kuwa da baikon mutane marasa hali aka saye ta. Bari mu kula da ita da aminci, domin ranar da maƙwabci zai buga ƙofa da dare, ta tashi ta kai shi lafiya.