Steve Jobs: Gaskiya ko Jita-jita?

Tun daga ranar 5 ga Oktoba, 2011, da Steve Jobs ya mutu yana da shekara 56, labaransa ba su daina yawo ba. Wasu gaskiya ne, wasu an sa musu gishiri, wasu kuwa ƙirƙirar su aka yi. Ga biyar da aka fi maimaitawa.

"Shi ya ƙera kwamfutar Apple ta farko, shi ya ƙirƙiro wayar shafawa."

Jita-jita. Abokinsa Steve Wozniak ne ya tsara Apple I, shi ne kuma ƙashin bayan Apple II. Da suka kafa kamfanin a 1976 tare da Ronald Wayne, aikin Jobs shi ne neman kuɗi da masu saye, da tsayawa a kan kaya ya yi kyan gani. Linzamin kwamfuta kuwa Douglas Engelbart ne ya fara samar da shi, Jobs kuma ya ga yadda ake sarrafa kwamfuta da hotuna ne a cibiyar binciken Xerox a 1979, kafin Macintosh ta fito a 1984. Haka ma waya: IBM ya fitar da Simon mai allon taɓawa tun 1994, iPhone sai 2007. Baiwar Jobs ita ce ya ga abu a hannun masana ya san yadda za a mayar da shi abin da kowa zai iya riƙewa.

"Korar sa aka yi daga kamfanin da ya kafa."

Rabi gaskiya. A 1985 ya yi rikici da John Sculley, wanda shi da kansa ya ɗauko daga Pepsi. Hukumar daraktoci ta goyi bayan Sculley, ta ƙwace wa Jobs ragamar sashen Macintosh. Bayan 'yan watanni ya ajiye aiki da kansa, ya kafa NeXT, ya kuma sayi sashen wani kamfani da ya zama Pixar a 1986.

"Musulmi ne da yake ɓoye addininsa."

Jita-jita, amma an san inda ta samo asali. Mahaifinsa, Abdulfattah Jandali, Musulmi ne ɗan garin Homs ta Siriya. Sai dai tun yana jariri aka bayar da shi riƙo ga Paul da Clara Jobs, su suka raine shi a Kalifoniya. Da ya girma ya karkata ga tafarkin Zen na addinin Buddha, malamin Zen ne ma ya ɗaura masa aure a 1991.

"Ya rubuta wasiƙar nadama a gadon mutuwarsa."

Ƙarya ce. Rubutun nan da ake turawa a Facebook da WhatsApp, wai Jobs yana cewa dukiya ba ta amfane shi ba, shekaru bayan mutuwarsa ya ɓullo, kuma babu wani daga iyalinsa da ya tabbatar da shi. Ƙanwarsa Mona Simpson, wadda take wurin, ta ce kalamansa na ƙarshe gajeren furuci ne na mamaki da ya maimaita sau uku. Nasiha na iya yin daɗin ji, amma jingina ta ga wanda bai faɗa ba ƙarya ce.

"Zafin rai da tsawa ne sirrin nasararsa."

Wannan ta fi sauran illa, domin akwai masu kamfanoni da ke fakewa da ita suna wulaƙanta ma'aikata. Gaskiya ne Jobs mai zafi ne, yakan ci mutuncin mutum a gaban jama'a. To amma da wannan halin ya rasa matsayinsa a 1985, kuma da shi kwamfutocin NeXT suka kasa samun kasuwa. Abin da ya ceto Apple bayan dawowarsa a 1997, lokacin da kamfanin ke gab da durƙushewa, matakai ne da za a iya lissafawa. Ya haɗiye girman kai ya sasanta da Microsoft, wanda ya zuba dala miliyan 150. Ya soke tarin kayayyakin da ake ƙerawa, ya bar rukuni huɗu kacal. Ya ba Jony Ive dama a fannin zayyana, ya ɗauko Tim Cook a 1998 ya gyara harkar samar da kaya. Daga nan iMac ta biyo, sai iPod a 2001, sai iPhone, sai iPad a 2010.

Duk mai son koyi da shugabancin Jobs, wannan ne abin ɗauka: zaɓen mutanen da suka fi shi sanin aikinsu, da jure barin abubuwa masu kyau don a kammala kaɗan da kyau. Hujjar ita ce a 2018, ƙarƙashin Cook da ya gaje shi, wanda ba a san shi da tsawa ba, darajar Apple ta kai dala tiriliyan ɗaya.