Targaɗe Bai Raba Ni Da Gudu Ba

'Yan uwana 'yan mata, ranar da na yi targaɗe a idon sawu wajen gudun safe, wallahi kukan baƙin ciki na yi, ba na zafi ba. Inna ta ce, "Ga irinta nan, budurwa da tsere sai ka ce barewa!" Masoyina kuwa cewa ya yi in haƙura haka nan.

Likita ya sa ni ɗora ƙanƙara, da ɗaure wurin da bandeji. Sati shida ba gudu, sai ɗingishi.

Yanzu na fara sassarfa a hankali. Burina tseren Okpekpe na Jihar Edo, wanda aka fara a 2013, kilomita 10 cikin tuddai. Masoyin nawa dai ban gaya masa ba tukuna.