Me Ake Kallo a Jikin Jirgin Ƙasa?

Abokan ɗakina sun sa mini suna "Reluwe", wai don na taɓa kashe kuɗin mota zuwa Kano ba don komai ba sai in tsaya kusa da tasha in kalli jirgi. Ni ɗan Ɗanzomo ne, garin da dogo bai ratsa ba. Layin da ya fi kusa da mu shi ne na Kano zuwa Nguru, wanda ya bi ta Ringim, Taura, Gagarawa da Malam Madori. A tashar Gagarawa na fara ganin dogo ina yaro, kuma tun ranar abin ya shiga raina. To bari in faɗa muku abin da muke kallo, ko kwa daina yi mini dariya.

Na farko, kan jirgi. Da yawa suna zaton injinsa irin na tirela ne. A'a. Injin dizal ɗin janareta yake juyawa, wutar da ya samar ita ke tuƙa motocin lantarki da ke juya ƙafafun. 'Yan sashen lantarki, ga darasinku nan yana tafiya a kan dogo.

Na biyu, taragu. Jirgin fasinja za ka gane shi da tagogi a jere, yana da lokacin tashi, yana tsayawa tasha-tasha. Na kaya ba shi da wannan kwalliyar: wani tarago rufaffe ne na buhuna, wani tanki ne na mai, wani kuma shimfiɗaɗɗe na ɗaukar kwantena. Mai kallo na gaske ƙirga taragun yake yi, ya rubuta lambar kan jirgin da ranar da ya gan shi.

Me ya sa kai ɗaya ke jan kayan tireloli da dama? Ƙarfe ne ke gangarawa a kan ƙarfe, don haka turjiyar kaɗan ce, ba kamar tayar roba a kan kwalta ba. Amma nan ɗin ne kuma haɗarin yake: ko direba ya taka birki, sai jirgin ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya. Don Allah masu ɗaukar hoto a tsakiyar dogo, ku kiyaye. Daga nesa ake kallo.

Na uku, dogon kansa. Faɗin tsohon layinmu milimita 1,067 ne. Sabon layi irin na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, nasa 1,435 ne. Ka ga ke nan jirgin wancan ba zai hau namu ba, ko da an so. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, shi ma mai faɗin ne.

Babban abin da kallon ya koya mini shi ne, kaya ke raya dogo. Jirgi ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, kuma ba don kakanninmu su je yawon buɗe ido aka shimfiɗa shi ba. Gyaɗa da fatu aka biyo. Da harkar gyaɗa ta faɗi, manyan motoci suka kwashe sauran kayan, sai tasoshin suka yi tsit. Yau sai ka daɗe a Gagarawa ba ka ji kukan jirgi ba.

Alhali kayan suna nan. Je ka Maigatari ranar Alhamis ka ga tirelolin shanu da ke ɗaukar hanyar Kudu, ka dubi riɗi da zoɓo da ake lodi a kasuwanninmu. Duk a kan kwalta suke tafiya, hanya na fashewa, kuɗin mota na hawa kan farashi.

Mu da ke shirin karɓar difloma, wannan lissafin ya shafe mu, don gyaran inji, walda, awon ƙasa da ajiyar kaya duk aikin dogo ne. In ka je Kano hutun nan, leƙa tasha. In ka yi sa'a jirgi ya shigo, ƙirga taragun, ka zo mu gwada da nawa littafin.