Daga Akra Zuwa Takoradi: A Sha Iska, Amma a Ji Tsoron Teku

Da zarar an sauko daga Idi, ko hutun ƙarshen shekara ya kama, sai ka ga iyalai da samarin zango daga unguwannin Nima da Mamobi da Madina na Akra sun yi shatar mota sun nufi yamma. Babbar hanyar N1 suke bi, ta Kasoa, mararrabar Winneba, Mankessim, Saltpond, Anomabo, Cape Coast, Elmina, har Takoradi, masu ƙoƙari su zarce Busua ko Axim. Tafiya ce mai daɗi, babu musu. Ga itatuwan kwakwa, ga kwalekwalen masunta sun sha fenti kala-kala, ga masu sayar da dokunu a Yamoransa, ga tsohon ginin Elmina da Turawan Fotugal suka kafa a 1482, inda daga baya aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi.

Ita kanta hanyar tana buƙatar haƙuri. Bayan cunkoson Kasoa, wurare da yawa layi ɗaya ne zuwa, ɗaya dawowa, kuma manyan motoci masu zuwa tashar jirgin ruwan Takoradi da iyakar Elubo nan suke bi. A watan Janairun 2020 motocin fasinja biyu suka yi taho-mu-gama a Dompoase, kusa da Elmina, mutum sama da 30 suka rasu. A yi sammako, a sauka kafin magariba, kuma direba ya bar wa fasinjoji kallon teku.

Babban abin da ya kamata a ja kunne a kai shi ne ruwan. Mutanenmu da yawa a kogi ko tafki suka koyi iyo, sai su ɗauka duk ruwa ɗaya ne. A'a. Igiyar teku idan ta bugi gaɓa, ruwan da ta kwararo dole ya nemi hanyar komawa, sai ya tattaru a wani siririn lungu tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashi, ya fita da ƙarfin da ko gwanin iyo ba ya iya tunkararsa. Abin takaici, wannan lungun ne ya fi kama da wurin lafiya: igiya ba ta fashewa a cikinsa, ruwan ya fi duhu, ya kwanta luf. Uwa mai neman inda yara za su yi wasa nan idonta zai fara kaiwa. In ka ga kumfa ko shara suna tafiya ciki maimakon su dawo gaɓa, to ka nisanci wurin.

A watan Maris na 2021 yara matasa fiye da 10 suka halaka a tekun garin Apam rana guda. Kuma ’ya’yan bakin teku ne, balle baƙon da ya zo jiya.

Wanda ruwa ya ja, kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa gaɓa kai tsaye, don gajiya ce ke kashewa. Ya kwanta rigingine, ya ɗaga hannu, ya yi ihu. In yana da ƙarfi ya yi iyo ta gefe, a layin gaɓa, har ya fita daga lungun, domin yawanci ba shi da faɗi. Na kan tudu kuwa kada su afka bi da bi. Haka ake rasa uku wajen ceton ɗaya. A jefa masa jarka ko igiya, a kira masunta, a buga lambar gaggawa ta 112.

Mata su sani cewa zani da dogon hijabi in sun jiƙe nauyi suke yi, suna harɗe ƙafa. Ba ana cewa a tuɓe ba ne, ana cewa a tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba. Masu hawa duwatsu don ɗaukar hoto su ma su lura, dutsen yana da santsi kuma igiya ba ta sallama.

Yawancin bakin tekun nan babu ma'aikacin ceto, don haka kafin kowa ya cire takalmi a gaida masunta a tambaye su inda ake shiga. Sai dai a tuna cewa a garuruwa da dama ba a fita su ranar Talata, saboda haka ranar da wuya a samu kwalekwale a kan ruwa idan wani abu ya faru.