Kallon Maza Da Kallon Mata A Tudun Wada

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin mutanen Tudun Wada ta Zariya, a teburin mai shayi da rumfar tela da zaurukan gidaje, watau wai namiji ba ya son silima sai ta faɗa da bindiga, mace kuwa ba ta son kome sai ta soyayya da kuka. Wanda ya zaga unguwa bayan lisha lalle zai ga abin da ya yi kama da shaidar wannan magana. A gidan kallo samari ne maƙil, ko dai suna kallon ƙwallon Turai, ko kuwa wani fim na Indiya da aka juya shi da Hausa, inda mutum guda ke tarwatsa mutum hamsin. A tsakar gida kuwa mata sun kewaye talabijin ko wayar hannu, suna bin labarin wata amarya da uwargidanta, suna tsaki suna tafa hannu.

To, amma wanda ya bi asalin abin zai tarar maganar rabin gaskiya ce. Bambancin nan yana da tarihi, tarihin kuwa ya fara ne daga bakin ƙofa: wa aka bari ya shiga, wa aka hana.

Farkon abin da mutanen ƙasar Hausa suka sani shi ne majigi, wanda gwamnatin Turawa ke yawo da shi a mota gari gari. Sai a kafa farin ƙyalle a fili, sau da yawa a ƙofar fada ko ƙofar hakimi, a jira duhu ya yi, a nuna wa jama'a tsabta da noman auduga da na gyaɗa, ba a biyan ko anini. Baban Larai, wanda aka yi a shekarun 1950 don koya wa manoma aikin auduga, irin wannan ne. Kallon majigi na kowa ne, yaro da babba, kuma ba a zargin wanda ya tsaya.

Gidan silima na kuɗi wani abu ne dabam. Kwarori ne suka fi kafa su, kuma a wajen ganuwa, kusa da gidajen giya da na rawa. A Kano an buɗe Rex a 1937. A ran 13 ga watan Mayu, 1951, gobara ta kama gidan El Duniya ana cikin kallo, mutum 331 suka halaka, jama'a da yawa suka ɗauki abin a kan ishara ce daga Ubangiji. Da aka buɗe Palace a cikin birni kusa da kasuwar Kurmi a 1952, malamai suka yi ta ƙyamar abin. A Zariya ma haka tsarin yake: birni na gefe guda da malamansa, Sabon Gari na ɗaya gefen da gidajen silimarsa, Tudun Wada tana tsakani. Saurayi kan saci jiki da dare ya tafi Sabon Gari, in an gane a yi masa faɗa, gobe a manta. Macen da aka gani a ƙofar silima kuwa, sunan da za a sa mata ba ya wankuwa. Saboda haka shekara da shekaru silima ta zama wurin maza, matan aure ba su san ta ba sai a labari.

A nan ne abin mamaki yake. Mazan nan da suka mallaki silima su kaɗai, ba macen da ke jan su, me suka zaɓa? Gaskiya ne sun so fim ɗin kaboyi na Amurka, daga baya kuma na Sin, musamman na Bruce Lee wanda ya mutu a 1973, har yara suka riƙa kwaikwayon tsallensa a lungu. Amma abin da ya fi cika gida shi ne fim ɗin Indiya, wanda Kwarori suka fara shigowa da shi tun shekarun 1950. Mother India na 1957, labarin wata uwa ce da bashi da talauci suka addabe ta, ya yi shekaru ana maimaita shi, maza ne kuwa ke biya su zauna sa'a uku suna kallo. Sun haddace waƙoƙin ba tare da sun san ma'anarsu ba. Sun raɗa wa 'yan wasan suna da Hausa: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt shi ne Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuwa suka ce da shi Mace. Makaɗa irin su Abdu Yaron Goge suka ɗauki muryar waƙar Indiya suka zuba mata Hausa, har a Kano aka sami masu bandiri da ake kira Ushaƙu Indiya, waɗanda ke ɗaukar wannan murya su yi begen Annabi da ita. Duk waɗannan maza ne.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A fim ɗin Indiya saurayi ya ga mata da lulluɓi da kunya, ya ga ɗa yana durƙusa wa uwa, ya ga talaka yana son yarinya iyayenta sun ba mai kuɗi. Wannan na ƙarshe kuwa ciwo ne da samarin Tudun Wada suka san zafinsa, leburan jirgi ne ko ɗan makaranta ko yaron kanti. Ashe soyayya a silima maza ne suka fara sayenta da kuɗinsu, tun mata ba su gan ta ba.

Mata sun sami nasu rabo ne sa'ad da kallo ya shigo gida da ƙafarsa. An buɗe talabijin a Kaduna a 1962, amma sai a ƙarshen shekarun 1970 da cikin 1980 akwatin ya yawaita a gidaje. A lokacin nan aka sami wani ɗan zamani mai daɗi, wanda gida duka ke zama a tabarma guda: maigida da matansa da 'ya'yansa da yaran maƙwabta, ana kallon Samanja na Usman Baba Pategi, ko wasannin Kasimu Yero, wanda shi kansa Bazazzagi ne. Tashoshin suka riƙa sa fim ɗin Indiya kuma, matar da ke cikin kulle ta ga abin da mijinta ya daɗe yana gani.

Ba su tsaya a kallo ba, suka kama alƙalami. A nan Zariya kamfanin NNPC, magajin aikin ɗab'i na Gaskiya, ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed a 1980, wanda aka lasafta shi ne littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta rubuta da Hausa. Bayanta Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da wasu da yawa suka biyo, suna rubutu a kan auren dole da kishi da saki da karatun 'ya mace. Da aka fara fim ɗin Hausa na kaset da Turmin Danya a Kano a 1990, sai masu sana'ar suka lura da inda kuɗi ke fitowa. Matar gida ce ke aiken yaro shagon haya da 'yan kuɗin da ta samu a ƙosai ko kitso ko ɗinkin hula, ita ce ke kallo da hantsi bayan ta gama aiki, ita ce ke ba maƙwabciya aro. Mai kaya kuwa ba ya kai kayansa sai inda ake saye. In Da So Da Ƙauna, da Alhaki Kwikwiyo, da Sangaya, da Wasila, duk a kan aure da abin da ke cikinsa suke. Idan kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

A daidai wannan lokaci gidajen silima suka fara mutuwa, wasu suka koma ɗakin ajiya, wasu wurin taro. Maza suka koma gidan kallo, inda ƙwallon Ingila da fim ɗin faɗa suka fi ja, domin abin da ake kallo cikin taro da ihu shi ne mai gasa da buge-buge. Namiji ba ya so a ga hawayensa a gaban abokai, ko da kuwa ubansa ya zubar da nasa cikin duhun silima. Daga nan aka fara cewa fim ɗin Hausa na mata ne, har ya zama abin gori ga saurayi a ce an gan shi yana kallo. Duk da haka barkwancin Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a 2014, bai bar namiji ko mace ba. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta zo da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina, an sha jin magidanta a bakin kasuwa suna gardama a kan abin da zai faru mako mai zuwa, sa'an nan in an tambaye su su ce a wajen iyali suka ji.

Abin da ya fito daga wannan tarihi shi ne, kowa yana kallon abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Saurayin da ba shi da aiki, wanda mai kuɗi da mai mulki suka taka, yana jin sanyi in ya ga talaka ɗan'uwansa ya rama da hannunsa. Matar da ke kwana da tsoron kishiya, ko tsoron takardar saki, ko harshen uwar miji, tana neman labarin da zai nuna mata cewa ba ita kaɗai ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Fim ɗin da maigida ke yi wa dariya yana cewa shirmen mata, sau da yawa ƙara ce matarsa ke kai wa, wadda kunya da tarbiyya suka hana ta faɗa masa da baki. Da zai zauna ya kalla sau ɗaya har ƙarshe, ya lura da inda ta yi shiru da inda ta yi ajiyar zuciya, da ya san abin da shekara goma ba ta sanar da shi ba.

Yanzu wayar hannu ta raba tabarmar nan. Miji na zaure da tasa, mata na ɗaki da tata, yaro na soro da abin da ba wanda ya san ko mene ne. Hatsarin ya fi yawa a kan yara: namijin da ya tashi bai ga jarumi ba sai mai wuƙa, zai ɗauka mazakuta ita ce daba, yarinyar da ta tashi ba ta ga aure ba sai na waƙa cikin lambu da gidan bene, za ta sha wuya ran da ta tarar da murhu da tulu. Maganin kuwa ba gori ba ne, ba kuma fasa waya ba. Uba da uwa su san abin da ke shiga gidansu, su zaɓi abin da za a iya kallo tare ba tare da wani ya sunkuyar da kai ba, su tsai da shi in an kira salla, in an gama kuma a tattauna, a ce wannan ya yi daidai, wancan ya yi kuskure.

Allah ya zaunar da gidaje lafiya, ya shirya zuriya, ya sa maza da mata su ji tausayin juna. Amin.