SHAWARA ƊAUKAR ƊAKI: DOKAR ABINCIN MUTANE DA NA DABBOBI

Jama'a, abin da dabba ta ci yau, shi mutum zai ci gobe a cikin nama da nono da ƙwai. Saboda haka ne hukuma ta ɗauki tsabtar abincin dabbobi da muhimmanci daidai da tsabtar abincin mutane, kuma take neman ra'ayin jama'a kafin ta kafa ƙa'ida a kansu.

Mene ne haɗarin?

Babban abokin gaba shi ne wani dafi da ake kira aflatoksin. Fumfuna ce ke haifar da shi a jikin gyaɗa da masara da angurya, musamman idan an adana su ba su bushe sosai ba. Dafin nan ba ya mutuwa da dahuwa ko suya. Yana lalata hanta, yana kuma iya jawo ciwon dajin hanta. Idan saniya ta ci dusa ko tunkuza mai ɗauke da shi, wani sashensa yakan fito a cikin nononta, yara su sha.

An gano dafin ne bayan shekarar 1960, sa'ad da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗa daga Brazil. A 2004 kuma mutum 125 suka rasu a Kenya saboda cin gurɓatacciyar masara.

Haɗari na biyu shi ne maganin ƙwari da wasu ke zubawa kai tsaye cikin hatsi don gudun gunda. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani a jikinsa. Na uku shi ne yanka dabba ko sayar da ƙwai da nono tun maganin da aka ba dabbar bai gama fita daga jikinta ba.

Su wa ke lura da wannan?

A 1993 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NAFDAC domin kula da abinci da magunguna, har da abincin dabbobi da ake haɗawa a masana'antu. Hukumar SON, wadda ta samo asali a 1971, ita ke tsara ma'aunin ingancin kaya. A duniya kuwa akwai hukumar Codex, wadda hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa a 1963, Nijeriya ma tana cikinta.

Yaya ake jin ra'ayin jama'a?

Kafin sabuwar ƙa'ida ta fara aiki, akan rubuta daftarinta, a bayyana shi, a ba da wa'adi domin mai gyara ko ƙorafi ya aiko a rubuce. A yau ana sa irin wannan daftari a shafin hukumar na intanet. Idan kuwa doka ce a gaban Majalisar Tarayya, kwamiti yakan kira zaman sauraron jama'a, inda ƙungiyoyin manoma, da makiyaya, da masu kiwon kaji, da 'yan kasuwa za su faɗi albarkacin bakinsu.

Dalilin haka a fili yake. Masani yana iya ƙayyade yawan dafin da ba za a yarda ya wuce ba, amma manomi ne ya san wahalar shanya gyaɗa idan damina ta yi tsawo, mai injin niƙa kuma shi ya san kuɗin awo da na rajista. Ƙa'idar da aka yi ba tare da su ba takan tsaya a takarda kurum.

Abin da ake bukata daga gare ku

Idan kun ji an fito da daftari, ku nemi a karanta muku shi a taron ƙungiyarku. Ku nuna sashen da ya dame ku, ku faɗi dalili, ku kawo shawarar abin da ya fi, sa'an nan ku aika kafin wa'adi ya cika. Malamin gona ko likitan dabbobi na yankinku zai iya taimaka muku wajen fahimta.

A gida kuma, ku shanya amfanin gona bisa tabarma ko tamfol har ya bushe ƙayau kafin a kai rumbu. Ku tsince gyaɗa da masara masu fumfuna ku binne, kada ku zuba wa kaji ko awaki. Ku duba lambar rajista da ranar lalacewa a jikin buhun abincin dabbobi kafin ku biya. Ku kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin magani kafin yanka ko tatsa.

Ku tuna, rigakafi ya fi magani, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.