Yadda Ake Auna Kayan Aiki Kafin A Kafa Kwamfutocin Nesa A Ofis

Wannan bayani ne ga hakimai da malamansu a kan wani tsarin aikin ofis da ake kira kwamfutar nesa, da yadda ake lissafin kayansa tun ba a fid da kuɗi ba.

Bisa ga al'ada, kowane ma'aikaci yana da kwamfutarsa a kan teburinsa. A wannan tsari kuwa, ana tara aikin ma'aikata duka cikin waɗansu manyan na'urori da ake kira sabar, a ajiye su wuri guda. Abin da ke gaban ma'aikaci shi ne allo da madannai da wata 'yar na'ura mai sauƙin kuɗi, wadda ke kai umurninsa can, ta komo masa da hoton aikinsa. Kamfanin Citrix, wanda aka kafa a Amurka a 1989, da VMware, wanda aka kafa a 1998, su ne suka fara yin suna a wannan fanni. Microsoft ya fito da nasa na haya ta intanet a 2019.

Amfaninsa a fili yake: takardun hukuma suna zaune wuri guda, ko an sace na'urar tebur ba a sace su ba. Amma kowa daga rijiya ɗaya yake sha. In aka gaza a awo, aikin ofis duka ya tsaya. In aka zarce, kuɗin jama'a ya tafi a banza. Don haka akwai abubuwa biyar da za a lura da su.

1. ƘIDAYA. Ba yawan sunayen da ke cikin littafin albashi ake dubawa ba, sai yawan waɗanda ke aiki a lokaci guda sa'ad da aiki ya fi tsanani. Sa'an nan a kasa su: mai buga wasiƙa dabam, mai lissafin kuɗi dabam, mai zanen taswirar filaye dabam.

2. ƘWAƘWALWA. Ita ce mai sarrafa lissafi, kuma kashi-kashi take. Inda mutane da yawa ke tarayya a kan Windows guda, shawarar Microsoft ita ce kada kashi ɗaya ya ɗauki fiye da mutum 6 masu ƙaramin aiki, ko 4 masu matsakaici, ko 2 masu nauyi.

3. MA'AJIYAR WUCIN GADI, watau RAM. Windows 11 ba ta yarda da ƙasa da gigabait 4 ba, amma wannan na tashi ne kurum. Ga misali inda kowa ke da kwamfutar nesa tasa shi kaɗai. A ce ofis yana da ma'aikata 200, waɗanda 160 ke aiki tare, aka ba kowa gigabait 8: jimla 1,280. In sabar ɗaya tana da 512, aka ware mata 32 don hidimar kanta, saura 480, watau rabon mutum 60. Ke nan ana bukatar sabar 3. Sai a ƙara ta huɗu, domin ran da ɗaya ta lalace sauran su ɗauki nauyinta.

4. RUMBUN AJIYA. Girmansa kaɗai bai isa ba, sai an duba saurinsa. Da safe, sa'ad da ma'aikata suka kunna na'urorinsu gaba ɗaya, kowa yana neman rumbun a lokaci guda, kamar yadda masu ɗiban ruwa ke cika bakin rijiya da hantsi. A nan ne tsari da yawa ke kasawa. Maganinsa shi ne rumbu marar faifai mai juyawa, wanda ake kira SSD, da kuma tayar da kwamfutocin kaɗan-kaɗan tun kafin a buɗe ofis.

5. HANYAR SADARWA. Microsoft ya ba da shawarar megabit 1.5 a daƙiƙa ga mai ƙaramin aiki, 3 ga matsakaici, 5 ga mai nauyi. Mutum 160 masu matsakaicin aiki ke nan suna bukatar 480. Har ila yau a duba jinkiri, gama in saƙo ya daɗe bai je ya komo ba, malami zai danna harafi ya zauna jiransa. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wajibi ne a sa janareta da batura cikin lissafi, domin in ɗakin sabar ya yi duhu, babu mai aiki.

Waɗannan alƙaluma mafari ne kawai. Kafin a sayi kaya duka, ya kamata a gwada da mutane kaɗan daga kowane kashi, gwajin ya haɗa da ƙarshen wata lokacin da aikin albashi ke yawa, a rubuta abin da suka ci, sa'an nan a gyara lissafi.

Saboda haka, duk hakimin da aka kawo wa takardar irin wannan kwangila, ya sa malaminsa ya tambayi abu uku kafin a sa hannu: mutum nawa aka ƙidaya, wane gwaji aka yi, kuma me zai faru ran da sabar ɗaya ta tsaya. Rigakafi ya fi magani.